Saƙon da Aka Ƙi Karantawa a Rediyo

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki a unguwar Hausari, nan Potiskum. Na daɗe ina taka keke, har na kai in kalli mutum sau ɗaya in faɗi yadin da zai ishe shi. Duk da wannan idon nawa, ciwo ya shiga jikin ɗana ya zauna, ya ci ya ƙoshi, ban gani ba. Yanzu da masu gaisuwar rasuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya koma shiru, na ce bari in rubuta yadda abin ya faru. Ba tausayi nake nema ba. Na tabbata akwai wata uwar da ke zaune yanzu haka kusa da rediyonta, ɗanta yana ɗakin zaure da abin da ba zai iya gaya mata ba.

Ɗan farina ne. Mu Fulani ne da iyayenmu suka zauna a gari, shanu sun ƙare sai 'yan kaɗan a hannun dangi, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda muka gaje ta. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a hannunta ya girma yana jin ƙannena suna ce mini Adda, shi ma ya ɗauka. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa in ce "yayan Ummi", Ummi kuwa ita ce autata. Bayan rasuwar babansu ya dawo gidan ya zauna a ɗakin zaure, cefane ya koma kansa, makarantar Ummi ma haka. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Laraba zuwa Kudu. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, nawa a kan keke. Wandunansa dai ni nake ɗinkawa, bai taɓa kai wa wani tela ba, kuma nakan bi ɗinkin sau biyu don kada ya ɓarke masa a hanya. Iyakar abin da nake iya nuna masa ke nan.

Gab da azumin bara ya aiko Ummi da wani wandonsa, ya ce a gaya wa Adda ta ƙara faɗin hantsar wandon, wato tsakanin ƙafafu. Na yi dariya na ce yaran zamani ba a gane musu, jiya matsattse suke so kamar an zuba su a ciki, yau kuma buje. Na ƙara. Bayan ƙaramar salla sai ga wandon ya dawo, wai a sake ƙarawa. Na ce wa Ummi ta tambaye shi ko buhun gero yake shirin ɓoyewa a ciki. Ta dawo ta ce ta faɗa masa, amma bai yi dariya ba.

A tsakanin nan ne wani abu ya faru wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba. Akwai shirin lafiya da wani gidan rediyo yake yi duk mako da hantsi, mutane su tura saƙo ta waya, mai gabatarwa ya karanta, likita ya amsa. Ba ya wuce ni. Ranar ina tare da maƙwabciyata Ya Kolo, Babarbariya ce, takan shigo ta taya ni sa maɓalli mu yi hira. Mai gabatarwa ya ce ga saƙo daga Potiskum, sai ya yi gyaran murya, ya ce wannan bawan Allah ya rubuto abubuwa ɓaro-ɓaro, shi ba zai iya karantawa ba, don Allah jama'a a riƙa sakaya magana, iyaye da yara suna saurare. Ya ce wa likita a taƙaice dai matsalar gaba ce. Likita ya ɗauka daga nan, ya yi dogon bayani a kan ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa, ya ce mutum ya sha magani tare da matarsa, in kuma ba shi da aure to ya ji tsoron Allah ya kama kansa. Ya Kolo ta taɓe baki ta ce ka ji mara kunya, ya je ya kwaso abinsa kuma yana so a karanta wa duniya. Muka ci gaba da aikinmu.

Da damina ta kama sai yayan Ummi ya fara kukan ciwon baya da mara. Ta bakin Ummi nake ji, ba ta bakinsa ba. Ya je kemis aka ce taifot ne, ya sha magani. Aka sake cewa maleriya ce, ya sha. Tafiyarsa ta canza, ya koma buɗa ƙafa kamar wanda ya wuni a kan jaki, na ɗauka zaman mota ne. Yayana Hamma Buba, dillalin shanu ne a kasuwa, ya ce basir ne, babu direban da ba shi da shi, ya kawo sassaƙe. Ya Kolo ta ce ciwon shawara ne, ta kawo nata jiƙon. Wata ƙanwar babansu ta ce baki ne, tunda yaro ya fara tara abin kansa har an sa masa ranar aure, ta aiko da rubutu. Kowa ya kawo, ya karɓa ya yi godiya, ba wanda ya tambaye shi daidai ina ne yake masa ciwo.

Ummi ce ta fara ganin gorunan roba a ƙarƙashin gadonsa in ta je shara, cike da wani baƙin ruwa mai wari. Daga baya na san inda suka fito. Duk wanda ya san kasuwarmu ya san masu maganin nan da ke kafa mota da lasifika. Su kam ba sa sakaya komai. Sukan kira kowace gaɓa ta jikin namiji da ta mace da sunanta, har da sunayen tasha waɗanda hannuna ba zai rubuta ba, mata su ja hijabi su ƙara sauri, samari su tsaya suna dariya. Ban taɓa jin an kashe wa ɗayansu lasifika ba. A bakin ɗaya daga cikinsu ɗana ya fara jin an kwatanta abin da ke jikinsa, kumburi a wuri kaza, nauyi a gefe ɗaya. Mutumin ya ce masa gwaiwa ce, ruwa ne ya taru, in ya dage da shan maganin za ta sace. Ya dage kuwa, wata da watanni.

Lokacin babbar salla aikinsu ba hutu, ya yi ta sintiri tsakanin nan da Kudu. Ya dawo a rame, yana wani busasshen tari. Ya aiko da wandon karo na uku. Na shimfiɗa shi a cinyata na duba, mazagi ya nuna ƙugu ya ragu da kusan tafin hannu, hantsa kuma ana neman ƙari. A nan na gane ba ƙalau ba. Na aika aka kira Hamma Buba na ce ya kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Makon farko sun yi sammako, suka yanki kati, suka bi layi har rana ta take. Likitar da suka samu mace ce, yarinya, ƙofa a buɗe, na bayansa suna leƙe suna cewa a yi sauri, ga kawunsa tsaye a kansa. Da ta tambaye shi abin da ke damunsa ya ce baya, da mara, da tari. Ta rubuta gwajin tarin fuka. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ta bi, kuma mutanen da ke jiranta sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Mako na biyu sakamako ya fito babu tarin fuka, aka ba shi maganin tari da na ƙarin jini, muka ce alhamdu lillahi. Muna ta murna, ashe murnar ɓata lokaci muke yi.

A mako na uku ya faɗi a banɗaki da rana tsaka. Ummi ta ruga ta kira Hamma Buba, ya shiga ya ɗauko shi, a nan ya gani. Ya fito ya tsaya a gaban kekena, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Dija, abin a ƙasa yake."

Na ce ƙasa ina, ƙafa?

Ya ce, "Ƙasa dai."

Wannan fa mutum ne da duk Laraba yake durƙusawa ya kama marainan bijimi a gaban ɗaruruwan mutane, ya ɗaga murya ya ce wannan lafiyayye ne, wancan dandaƙaƙƙe ne. Na bijimi ya iya faɗa, na ɗan ƙanwarsa ya gagare shi. Na ajiye almakashi na ɗauki hijabi, na ce yau da ni za a je.

Wani likita dattijo muka samu. Ya kori kowa, ya rufe ƙofa, ya duba shi, sannan ya ce a kira mahaifiyarsa. Hamma Buba ya ce ai ɗan fari ne, ba za ta shiga ba. Na bi ta gefensa na shiga. Likitan ya dube ni ya ce, "Mama, ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa ne ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse. Ba gwaiwa ba ce. Ina tsoron daji ne." Ranar na fara jin kalmar maraina daga bakin mutumin kirki, a gaban ɗana, kuma ban mutu ba, rufin ɗakin bai faɗo ba. Yaron ya rufe fuska da hularsa. Likitan ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Gombe, ya ce kada mu kwana biyu. Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri, har lambar wani abokin aikinsa ya ba mu.

Zaman Gombe ba zan iya ba da labarinsa duka ba. Masu jinya a baranda muke shimfiɗa tabarma, in ruwa ya sauko mu tattara mu tsaya a tsaye. Wata mata daga Billiri da ke jinyar mijinta, ba addininmu ɗaya ba, ita ta nuna mini inda ake ɗiban ruwa da inda ake biyan kuɗin hoto, kuma ba ta taɓa cin abinci ba ta miƙo mini ba. Aka yi hoton ciki, aka yi na ƙirji, aka ɗebi jini har na ce me ya rage a jikin. Aka yi tiyata aka cire wanda ya kumbura. Muka zauna jiran sakamako, kullum a ce gobe.

Da sakamakon ya fito, likitan da ke duba shi a can ya zaunar da ni. Maganarsa tana kunnena har yanzu. Ya ce, "Mama, wannan yana cikin dajin da muka fi iya warkarwa. Samari da yawa mun cire musu, sun warke, sun yi aure sun haihu. Amma nasa ya haura ciki, ya kai huhu." Na tambaye shi da mun zo da wuri fa. Ya ce da ya zo tun abin yana kamar goro, da wata maganar muke yi. Na lissafa a raina, lokacin da yake kamar goro shi ne lokacin da na fara ƙara wa wando ƙyalle.

Aka fara ƙarin ruwan da suke kira kimo. In an sa masa sai ya kwana biyu yana amai, bakinsa ya yi gyambo, gashin kansa ya zube a kan matashi. Shanunmu biyu da ke hannun dangi a Danchuwa aka sayar. Abokansa direbobi suka yi karo-karo suka kawo, wasu har da kuka, Allah ya tsare su a hanyoyinsu. Daga baya kekena ya bi, na tsaya ina kallo aka ɗora shi a amalanke. Duk da haka akwai zagayen kimo da ya wuce mu saboda kuɗi ba su haɗu a kan lokaci ba, akwai kuma wanda muka zo da kuɗin aka ce maganin ya yanke, sai an nemo daga Kano. Dangin da suka fi kowa yawan shawara a farko su ne wayarsu ta daina shiga.

Abin da ya fi cin raina shi ne duk wannan wahalar muna yin ta ne a ɓoye. Masu dubiya su tambaya me ke damunsa, Hamma Buba ya yi caraf ya ce ciwon ciki ne. Tunda mun ƙi faɗin sunan ciwon, sai gari ya raɗa masa nasa. Direba ne, saurayi ne, ya rame, gashi ya zube, ana ta ɓoye-ɓoye, me ya rage? Aka ce ƙanjamau ne. Maganar ta kai gidan yarinyar da aka sa musu rana, suka aiko a mutunce cewa a ɗaga bikin sai yadda hali ya yi, bayan kwana kaɗan kayan sa rana suka dawo. Ban gaya masa ba, amma ya daina tambayar ko ta kira.

Bayan zagaye na ƙarshe da muka iya, likitoci suka ce jikinsa ba zai ƙara ɗauka ba, mu koma gida a riƙa ba shi maganin rage zafi. Na san abin da hakan yake nufi. Ban mayar da shi zaure ba, a ɗakina na shimfiɗa masa. Ya Kolo ta ce mutane za su yi magana, na ce su yi. Ni nake juya shi, ni nake goge masa jiki, ni nake canza masa zane, shi kuma ya juya fuska bango har in gama. Jikin da ban goya a gaban mutane ba yana jariri, sai ga shi a hannuna yana da gemu, kuma bai fi nauyin ƙullin wanki ba.

Wata rana da hantsi rediyon gidan Ya Kolo yana kunne, kiɗan buɗe shirin lafiyar nan ya ratso katanga. Na ga ya runtse ido. Fuskarsa na bango ya ce, "Adda, kin taɓa jin wani saƙo daga Potiskum da aka ƙi karantawa?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ni na tura."

Ya ba ni labarin a hankali, yana hutawa saboda numfashi. Ya ce ya rubuta cewa na hagu ya kumbura, ya yi tauri, amma ba ya ciwo, shin abin tsoro ne. Suna zaune da direbobi a inuwar mota suna jiran lodi aka zo kan saƙon. Da likita ya ce a ji tsoron Allah a kama kai, duk wurin aka fashe da dariya, ana cewa ko wane ne wannan ɗan Potiskum ɗin ya ji kunya. Shi ma ya taya su dariyar. Daga ranar ya ƙudura ba zai sake buɗe baki ga wani mai ilimi ba.

"Ban san wani suna ba, Adda. Sunan da na sani na rubuta." Sannan ya ce, "Wallahi ban taɓa sanin mace ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Da sun karanta yadda na rubuta, da likitan ya gane?"

Na ce masa Allah ne masani. Amma na riga na ji amsar a Gombe, shi ma ya ji ta, don yana kwance a wurin aka faɗa. Na fita tsakar gida na zauna a inda kekena yake a da, na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Bai ƙara mako biyu ba. Da safe ne, Ummi ta tafi kiran Hamma Buba, ya zo ya zauna a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni ina wajen ƙafafunsa na riƙe su, suna yin sanyi a hannuna. Na so in kira shi da sunansa sau ɗaya ya ji daga bakina. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, ga yayana a zaune, ga Ya Kolo a bakin ƙofa, harshen da bai saba ba ya ƙi juyawa. Ina cikin kokawa da shi Hamma Buba ya shafe masa ido.

Bayan sadakar arba'in na sa Ummi ta kira mini shirin nan, don yanzu suna ɗaukar kira kai tsaye. Mun yi ta gwadawa kafin ya shiga. Na yi sallama, na ce daga Potiskum nake, ina so in ja kunnen samari a kan dajin maraina. Mai gabatarwa ya ce, "Hajiya, Hajiya, a sakaya don Allah." Na ce ba zan sakaya ba, sakayawa ce ta kashe mini ɗa, ɗana mai suna... Sai na ji ɗif. A rediyo na ji yana cewa da alama layin Hajiya ya samu matsala, aka sa tallar sabulu.

Kafin la'asar Hamma Buba ya iso, wai an gane muryata a kasuwa, da girmana da furfurata na ba su kunya. Na ce masa ni ba batsa na ce a yi a rediyo ba, na san bambancin suna da batsa. A Islamiyyarmu ta matan aure malam yakan karanta babin tsarki ya kira azzakari da farji da maniyyi da sunansu, ba wadda ta taɓa suma, don an san ilimi ake nema. Mai lasifika yana zuba ashar a tsakiyar kasuwa yana sayar da ruwan da ba ya maganin komai, an bar shi. Wurin da likita yake zaune, wurin da kalmar za ta ceci rai, nan ne kaɗai aka ga ya dace a rufe baki. Ya sa takalminsa ya tafi, har yau bai sake shigowa ba.

Ban sa ran wani abu zai canza ba. Shirin yana nan, ana ta sakayawa, motar mai magani tana nan duk Laraba. Amma ga abin da aka hana ni faɗa. Saurayi, in kana wanka ka taɓa marainanka. In ka ji ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ya yi tauri, ko da ba ya ciwo, musamman ma in ba ya ciwo, ka tafi asibiti a makon. Ka ce a rufe ƙofa, ka faɗi sunan wurin da duk kalmar da ka sani. Ke kuma uwa, in an aiko miki da wando a ƙara hantsa, ki tashi da kanki ki je zaure ki tambaya.

Wandon yana nan a ƙasan akwatina da ƙyallaye uku a tsakiyarsa, kowanne launinsa daban, don na ukun ma sai da na ƙara. Abu biyu na yi niyyar faɗa a rediyo ranar nan. A kan na farko aka yi mini tsawa, a bakin na biyu aka yanke layin. Sunansa Ibrahim. Shekara ashirin da bakwai ina da shi ban kira shi ba, yanzu ina kira a ɗaki ni kaɗai, Ibrahim, Ibrahim, kuma zauren a rufe yake.